Yadda Ake Kwaikwayon Aibin Ƙarfe a Kwamfuta Don Gane Iyakar Na'urar Awon Nukiliya Mara Turjiya

A shekarar 2021 wata tawagar masana kimiyyar nukiliya daga ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Kalifoniya, da makarantar Colorado School of Mines, da cibiyar TRIUMF ta birnin Bankuba a Kanada, suka buga sakamakon wani gwaji mai suna BeEST. Sun dasa ƙwayoyin zarra na beriliyom-7 a cikin wani siririn faifan tantalom, suka sanyaya shi zuwa kusan 0.1 a ma'aunin Kelbin, sannan suka riƙa auna ɗan shurin da kowace zarra ke yi a lokacin da ta rikiɗe ta zama litiyom-7. An gwada na'urar da hasken leza, aka ga tana iya bambance makamashi biyu da ke da tazarar kusan elektiron-bolt 2, wato 2 eV, a tsakaninsu. Amma babban tozon da rikiɗar beriliyom ta zana a jadawalin makamashi, faɗinsa ya kai tsakanin 6 da 7 eV. Da a ce wayoyi ko na'urar ƙara ƙarfin sigina ne suka jawo wannan rarar faɗi, da ta bayyana a awon lezar ma. Tun da ba ta bayyana ba, zargi ya koma kan ƙarfen kansa, wato kan wurin da zarrar ta zauna a cikinsa da kuma maƙwabtan da suka kewaye ta. Babu madubin da zai nuna mutum zarra ɗaya da ke binne a cikin ƙarfe a daidai lokacin da take rikiɗa, shi ya sa ake komawa ga kwaikwayo a kwamfuta. Wannan jagora tana bin matakan wannan aiki, da gwajin BeEST a matsayin misali.

Abin da za a riƙe kafin a kunna kwamfuta

Tantalom yana daina yi wa lantarki turjiya idan sanyinsa ya sauka ƙasa da Kelbin 4.5. A wannan hali elektiron suna tafiya bibbiyu, abin da ake kira tagwayen Cooper, kuma makamashin da ke riƙe da su ƙanƙani ne ƙwarai, domin ratar makamashin tantalom kusan 0.7 ce ta kashi ɗaya cikin dubu na elektiron-bolt. Duk wani makamashi da ya faɗo cikin faifan sai ya raba tagwayen, ya bar elektiron marasa abokin tafiya, waɗanda za mu kira gwauraye a nan. Gwaurayen suna ratsa wani shinge na alminiyom oksaid da kaurinsa bai wuce nanomita ɗaya zuwa biyu ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ratsawarsu kuwa ita ce siginar da ake aunawa. Irin wannan na'ura ake kira STJ. Samar da gwauro ɗaya yana cin kimanin ninki 1.7 na ratar, don haka shurin 57 eV yana haifar da gwauraye kusan 48,000, alhali a na'urar silikon, inda kowane caji ke cin 3.6 eV, bai fi 16 zai samar ba. A nan fifikon na'urar yake.

Rabin rayuwar beriliyom-7 kwana 53.2 ne. Cibiyarsa tana haɗiye ɗaya daga cikin elektiron ɗinta, ta zama litiyom-7, ta harba nutirino, wata ƙwaya mara caji mai ɗan ƙanƙanin nauyi, makamashin da ke fita kuwa kusan 862 keV ne, wato eV dubu 862. Nutirino ya tafi da kusan dukkansa, litiyom ya sha shuri na 56.8 eV zuwa ɗaya gefen, kamar yadda bindiga ke dukan kafaɗar maharbi. Idan elektiron na can ciki, na zangon K, aka haɗiye, gurbin da ya bari yana cikewa ya ƙara wasu elektiron-bolt hamsin da 'yan kai a kan shurin. Idan na zangon L ne, na waje, ƙarin kaɗan ne. Haka kuma kusan kashi 10 cikin 100 na rikiɗar suna bi ta wani mataki na litiyom da ke fitar da hasken gama na 478 keV, shurinsu gaba ɗaya kusan 28.7 eV. Hanya biyu sau biyu, tozo huɗu ke nan a jadawali.

Abin da masu gwajin ke farauta shi ne wani nau'in nutirino mai nauyi da ake hasashen wanzuwarsa. Idan ya fita a maimakon na yau da kullum, shurin litiyom zai ragu. Yana da kyau mai kwaikwayo ya yi wannan lissafi da hannunsa tun farko: nutirino mai nauyin 500 keV zai sauko da shurin zuwa kusan 38 eV, inda za a gan shi a fili, amma mai nauyin 100 keV ragin da zai yi bai kai 1 eV ba. Sigina irin wannan za ta nutse a cikin tozo mai faɗin 6 eV. Ke nan duk wanda ya iya bayyana siffar tozon daga tushe ya faɗaɗa iyakar abin da na'urar za ta iya gani.

Dasawa da ɓarnar da take bari

A fara da manhajar SRIM, wadda James Ziegler da abokan aikinsa suka samar, kuma ana samunta kyauta. A ba ta beriliyom mai nauyi 7, da makamashin dasawa na 25 zuwa 30 keV kamar yadda aka yi a TRIUMF, da tantalom mai nauyin giram 16.7 a kowace santimita kubik. Kada a manta da ɗan ɓawon tantalom oksaid da ke saman faifan, domin tantalom ba ya haɗuwa da iska ya zauna tsirara, kuma zarrar da ke shiga tana iya tunkuɗa oksijin daga ɓawon zuwa ciki. Wuri ɗaya da masu farawa ke yawan tuntuɓe shi ne makamashin da ake buƙata don tumɓuke zarrar tantalom daga mazauninta. SRIM tana sa 25 eV da kanta, alhali ƙimar da ƙa'idar ASTM, ƙungiyar tsara ma'aunai, ta ba tantalom 90 eV ce. Wanda ya bar 25 zai sami adadin gurabe da ya ninka na gaskiya fiye da sau uku. A bi sawun zarra aƙalla dubu ɗari, a fitar da zurfin da suka tsaya, wanda zai kasance gomman nanomita, da kuma makamashin zarrar tantalom da aka fara tunkuɗewa.

Akwai wani ɗan lissafi da ke haska dukkan aikin. Idan zarra mai nauyi 7 ta yi karo kai tsaye da mai nauyi 181, iyakar abin da za ta miƙa mata kashi 14 cikin 100 ne na makamashinta. A lokacin dasawa wannan ya kai kusan 3.6 keV, wanda ya isa ya tarwatsa saƙar ƙarfen a wani ɗan yanki. A lokacin rikiɗa kuwa, kashi 14 na 56.8 eV kusan 8 eV ne kawai, wanda bai isa ya tumɓuke tantalom ko ɗaya daga lafiyayyar saƙa ba. Saboda haka ɓarnar da ta shafe mu an riga an yi ta tun ranar dasawa, litiyom kuwa a cikin kangon da aka bar masa yake zabura. Sannan ba beriliyom ne kaɗai ya shiga ba: ƙoramar zarra mai nauyi 7 tana zuwa da litiyom-7 mara rikiɗa, wanda shi ma ya yi tasa ɓarnar ya kuma zauna a ciki. Dole a sa shi a lissafin adadin abin da aka dasa.

SRIM tana da iyaka, kuma gara a san ta da wuri. Tana ɗaukar ƙarfe kamar tarin zarra mara tsari, ba ta san cewa a cikin saƙar tantalom akwai buɗaɗɗun lunguna da zarra ke iya bi ta zarce can ciki ba, ba ta kuma san cewa yawancin zarrar da aka tumɓuke suna komawa gurabe cikin ƙiftawar ido ba. Amfaninta shi ne ta ba da zurfi da jerin makamashin farko. Sauran aikin na mataki na gaba ne.

Bin motsin zarra ɗaya bayan ɗaya

A nan ake shiga LAMMPS, manhajar da aka gina a ɗakin bincike na Sandia a Amurka, wadda ke bin kowace zarra da dokokin motsi na Newton. Tantalom na yau da kullum, wanda ake kira alfa, saƙarsa jerin ɗakuna ne masu siffar akwati, kowane da zarra a kowace kusurwa da ɗaya a tsakiya, tsawon gefensa angistiram 3.30, wato nanomita 0.33. Akwati mai ɗaki 30 a kowane gefe yana ɗauke da zarra 54,000, kuma ya wadatar wa tunkuɗar 'yan keV.

Zaɓen ƙa'idar hulɗa tsakanin zarra shi ne ke yanke ingancin sakamako. Akwai ƙa'idojin EAM na tantalom a rumbun NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, daga ciki har da ta Ravelo da abokansa ta 2013, akwai kuma SNAP ta Thompson da abokansa ta 2015, wadda aka horar da ita da lissafin kwantam, wato lissafin da ke bin halin elektiron kansu, kuma tantalom ne misalinta na farko. Kowace aka ɗauka, sai an haɗa ta da ƙa'idar ZBL, mai bayyana yadda cibiyoyin zarra ke ture juna a gajeren zango, saboda ba a tsara mafi yawansu don zarra biyu da suka kusa shiga jikin juna ba. Kafin a harba komai, a gwada ƙa'idar da abubuwan da aka sani: tsawon gefen ɗaki, makamashin ƙirƙirar gurbi wanda ya kusa 3 eV a tantalom, da kuma cewa zarrar tantalom da ta yi kutse tana kwanciya ne a kan layin da ya ratsa akwatin daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙa'idar da ta faɗi wannan jarrabawa a ajiye ta, komai saurinta. Matsalar da ta fi wannan ita ce hulɗar tantalom da beriliyom ko litiyom, inda da wuya a sami ƙa'ida a shirye. Mafita biyu ce: ko a yi amfani da LAMMPS don ƙera kangon tantalom kaɗai sannan a saka baƙuwar zarra a matakin kwantam, ko a horar da sabuwar ƙa'ida daga lissafin kwantam na kansa. A ganina mai farawa ya bi ta farko, domin ta biyun aikin watanni ce.

Sai batun tsawon taki na lokaci. A kwaikwayo na yau da kullum ana amfani da femtosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan sau miliyan na daƙiƙa, amma beriliyom mai 25 keV yana cin sama da angistiram 8 a femtosakan ɗaya, wato zai tsallake ɗaki biyu da rabi ba tare da kwamfuta ta lura ya gifta kowa ba. Umarnin fix dt/reset yana rage takin gwargwadon saurin zarrar da ta fi kowa gudu, a ƙayyade masa kada wata ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na angistiram a taki guda. A kuma kunna fix electron/stopping, domin zarra mai sauƙi da sauri irin beriliyom tana zubar da kaso mai yawa na makamashinta ga elektiron na ƙarfen. Mai daidaita zafi a sa shi a bakin akwatin kawai. Wanda ya sa shi ko'ina zai kashe wutar karon tun kafin ta gama aikinta, ya sami sakamako mai kyan gani amma na ƙarya.

Bayan pikosakan ashirin zuwa hamsin (pikosakan ɗaya femtosakan dubu ne) ƙura takan lafa. A buɗe sakamakon da manhajar OVITO, a yi amfani da binciken Wigner da Seitz wajen ƙidaya gurabe da 'yan kutse da curin da suka yi. Harbi ɗaya ba ya nuna komai, don haka a maimaita sau ɗaruruwa daga kusurwoyi dabam-dabam.

Tsakanin dasawa da awo

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Ana dasawa a Kanada cikin zafin ɗaki, a ɗauki na'urar zuwa Kalifoniya, a sanyaya ta, a yi ta awo na makonni. Kwaikwayon LAMMPS bai wuce nanosakan ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Duk abin da aibin ƙarfen, wato guraben da 'yan kutsen nan, ya yi a tsakanin nanosakan da kwanaki, ba a gan shi ba. Zarra tana tsalle daga mazauni zuwa mazauni da saurin da ya dogara da tsayin shingen da ke gabanta. A zafin Kelbin 300, idan aka ɗauka tana gwada sa'arta sau tiriliyan goma a daƙiƙa, shingen 0.7 eV tana tsallake shi kusan sau ashirin a daƙiƙa, na 1.0 eV sau ɗaya a cikin kusan awa ɗaya da minti arba'in da biyar, na 1.2 eV kuwa sai ta yi watanni biyar. Kuskuren 0.1 eV a lissafin shinge yana sauya amsa da ninki kusan hamsin, kuma kuskure mai wannan girma ba baƙo ba ne a lissafin kwantam.

Ana auna shingen da dabarar NEB, wadda ke neman mafi sauƙin hanya tsakanin mazauni biyu, sannan a zuba ƙimomin a kwaikwayon Monte Carlo mai bin lokaci. Tambayoyin da ake son amsawa su ne ko beriliyom yana zama a lungu ko yana faɗawa gurbin tantalom, ko yana tafiya har ya maƙale a iyakar tsaba, wato mahaɗar ƙananan tsabobin da faifan ya ƙunsa, ko kuma yana haɗuwa da oksijin da haidirojin da litiyom ɗin da suka shigo tare. Saboda rashin tabbas ɗin da aka ambata, kada a fito da amsa guda. A motsa kowane shinge sama da ƙasa da 0.1 eV, a riƙe dukkan amsoshin a matsayin zango.

Lissafin kwantam na mazaunai

Yanzu an iso zuciyar aikin, wato dabarar DFT ta lissafin kwantam, mai gano yadda elektiron ke bazuwa a tsakanin zarra, wadda ta samo tushe daga aikin Hohenberg da Kohn na 1964 da na Kohn da Sham na 1965. Ana iya amfani da manhajar VASP ta jami'ar Biyana, wadda ake sayen lasisinta, ko Quantum ESPRESSO, wadda take kyauta. Akwati mai ɗaki huɗu a kowane gefe yana da zarra 128, mai biyar yana da 250. Mai uku, na zarra 54, ya yi ƙanƙanta, domin baƙuwar zarra za ta riƙa jin motsin hotonta da ke akwatin maƙwabta. A ɗauki tsarin PBE na 1996 don ƙiyasta hulɗar elektiron da juna, a kuma zaɓi bayanin litiyom da ke barin elektiron na 1s, wato na zangon K, a cikin lissafi, kamar Li_sv a VASP, wanda ke buƙatar iyakar makamashi ta 500 eV ko fiye. Tun da ƙarfe ne, a yi amfani da sassaucin Methfessel da Paxton na 0.1 zuwa 0.2 eV, a ƙara yawan ɗigon k har sai amsar ta daina sauyawa, a bar zarra su miƙe har ƙarfin da ke kan kowace ya sauka ƙasa da 0.01 eV a angistiram.

Mazaunan da za a gwada suna da yawa. Akwai gurbin tantalom da baƙuwar ta maye. Akwai lungu mai maƙwabta huɗu, irinsa shida ga kowace zarrar tantalom, inda haidirojin ke son zama. Akwai lungu mai maƙwabta shida, irinsa uku ga kowace zarra, inda oksijin da naitirojin da kabon ke zama. Sai iyakar tsaba, tun da faifan ba tsaba ɗaya ba ce, tarin ƙananan tsabobi ne da suka haɗu kowace da fuskarta, ana kuma iya farawa da iyakokin da ake kira sigma 3 da sigma 5. Sai tantalom mara tsari, wanda ake samu ta narkar da akwatin a kwamfuta sama da Kelbin 3,290 sannan a daskarar da shi da gaggawa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan a sake lissafi da baƙi a kusa, ɗaya ɗaya da kuma a cure.

A kula da wani abu a nan. Saƙar ta miƙe ne a kewaye da beriliyom, ba litiyom ba. Don haka a fara barin akwatin ya daidaita da beriliyom a ciki, sannan a musanya shi da litiyom ba tare da motsa kowa ba, a yi lissafi, daga baya a bar shi ya sake miƙewa a yi wani. Bambancin makamashin biyun yana cikin abin da na'urar za ta karɓa, kuma ya sha bamban daga mazauni zuwa mazauni.

Makamashin da ke riƙe da elektiron na 1s ana samunsa ta hanyoyi uku. Mafi sauƙi ita ce a karanta matsayinsa a ƙarƙashin matakin Fermi, wato matakin makamashi mafi tsayi da elektiron na ƙarfen suka cika, amma wannan ta yi watsi da yadda elektiron na ƙarfen ke rugowa su kewaye gurbin. Ta biyu ita ce a cire elektiron ɗin da gaske, a mayar da shi matakin Fermi, a ɗebe jimillar makamashin biyu. Ta uku, ta Slater da Janak, tana cire rabin elektiron. Ta biyun ce ta fi dacewa da wannan gwaji, kuma dalilin yana da ban sha'awa: beriliyom yana da elektiron huɗu, cibiya ta haɗiye ɗaya na ciki, abin da ya rage shi ne litiyom mai elektiron uku, ɗaya a ciki biyu a waje, wanda shi ne ainihin yanayin da wannan hanya ke ginawa. Ko wace aka bi, kada a amince da cikakkiyar ƙimar, domin PBE tana kuskuren elektiron-bolt da dama a kanta. Bambanci tsakanin mazauni da mazauni shi ne abin dogaro, muddin an yi su da akwati ɗaya da saiti ɗaya. Ga zangon L kuwa, elektiron na 2s ya riga ya cuɗanya da na tantalom, ba shi da matsayi guda, don haka sai a fitar da yadda rabonsa ya bazu a ƙarƙashin matakin Fermi, wannan bazuwar ce ke shiga faɗin tozon L.

An riga an yi irin wannan lissafi. A 2023 Amit Samanta da Vincenzo Lordi da Stephan Friedrich na Livermore, tare da Kyle Leach na Kolarado, suka buga sakamakon da ya nuna makamashin 1s na litiyom yana iya sauyawa da fiye da 2 eV gwargwadon mazauni da baƙin da ke kusa. Wannan ma'auni ne mai kyau ga mai farawa ya gwada aikinsa da shi. Amma idan aka cire faɗin leza daga faɗin da aka auna ta hanyar murabba'i, rarar ta kai kusan 6 eV, kuma bazuwar 2 eV ita kaɗai ba ta cike wannan ba.

Litiyom ba a tsaye yake ba

Lissafin da ya gabata ya ɗauka zarrar tana zaune, alhali da shurin 56.8 eV tana gudun kusan kilomita 40 a daƙiƙa, ta ƙetare ɗaki guda cikin femtosakan takwas. Cikewar gurbin 1s ma da femtosakan ake auna ta. Saboda haka a harba litiyom daga kowane mazauni ta fuskoki da yawa, da DFT mai bin motsi idan kwamfuta za ta ɗauka, a duba inda ya tsaya. Idan ya tashi daga mazauni mai daɗi ya ƙare a matsattse, ko ya ture wata zarra da dama can ba ta zauna daram ba a iyakar tsaba, wani kaso na makamashin ya maƙale a saƙar, ba zai taɓa zama gwauraye ba, kuma na'urar za ta karanta ƙasa da gaskiya. Akwai hanyar tantance wannan kwaikwayo da awo. Matakin litiyom mai fitar da gama yana ɗaukar kusan femtosakan 100, don haka faɗin tozo biyun da suka bi ta cikinsa ya dogara da yawan gudun da ya rage wa zarrar a lokacin da gama ya fita. Kwaikwayon da ya kasa ba da wannan faɗi, akwai gyara a yadda yake rage wa litiyom gudu.

Game da tasirin aibi a kan rashin turjiyar kanta, kada a ɗora wa DFT kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Tagwayen Cooper a tsaftataccen tantalom suna miƙewa kusan nanomita 90, akwatin zarra 128 kuwa nanomita 1.3 ne. Tun 1959 Philip Anderson ya nuna cewa baƙin da ba su da maganaɗisu ba sa sauya ratar makamashi sosai. Abin tsoro shi ne yankunan da ratar ta ragu, kamar inda oksijin ya taru ko inda tantalom ya ɗauki siffar beta, wadda sai ƙasa da Kelbin ɗaya take daina turjiya. Gwauraye suna faɗawa irin waɗannan wurare su maƙale. Wannan ana bin sa ne da lissafin bazuwar gwauraye da girgizar saƙa a ma'aunin maikiromita, misali da manhajar G4CMP da aka gina a kan manhajar Geant4.

Haɗa jadawali

A ƙarshe kowane mazauni yana da lamba biyu: yawan yadda ya karkatar da makamashi, da kason zarrar da ke zaune a cikinsa. A jera su, a shafe su da siffar amsar na'urar kamar yadda leza mai tsawon zango nanomita 355, wadda kowane ɗigon haskenta ke ɗauke da kusan 3.5 eV, ta auna, a ƙara jelar da ke fitowa idan sauyin cibiya na farat ɗaya ya girgiza sauran elektiron ko ya fizge su, sannan a ɗora a kan jadawalin gwaji.

A nan ne jarabar take. Da mazaunai ashirin, idan aka sake wa kwamfuta ta zaɓi kason kowanne yadda ta ga dama, za ta zana kowane tozo da aka ba ta, har da wanda ke ɓoye da siginar nutirino mai nauyi a cikinsa. Kason dole ya fito daga matakan dasawa da yawon aibi, da zangon rashin tabbas ɗinsa, ko da hakan ya bar giɓi tsakanin lissafi da awo. Giɓin a rubuta shi yadda yake. Sannan a nemi abin da za a iya sauyawa a ɗakin gwaji a ga ko hasashen zai tsaya: rage adadin abin da aka dasa, tace litiyom daga ƙoramar, sauya makamashin dasawa don zarra su tsaya nesa da ɓawon oksaid, ko gasa faifan kaɗan bayan dasawa ba tare da lalata shingen alminiyom oksaid ba. Gwajin da ya fi duka kaifi shi ne sauya ƙarfen gaba ɗaya, kuma shirin BeEST ya haɗa da na'urorin alminiyom zalla. Saƙar alminiyom dabam ce, gefen ɗakinta angistiram 4.05, zarrarta mai nauyi 27 kuwa tana iya karɓar kusan kashi 65 cikin 100 na makamashin litiyom a karo guda, wato kusan 37 eV, wanda ya isa ya tumɓuke ta daga mazauninta. Wanda ya gama akwatunan tantalom sai ya gina na alminiyom da saiti iri ɗaya, ya rubuta faɗin da yake hasashe ga kowane tozo huɗun, ya ajiye da kwanan wata, kafin ya duba abin da na'urar ta auna.